Jirgin da Ka Bari a Zaure

Da sunan Allah nake farawa. Zuwa ga maigidana, Malam, wanda Allah Ya karɓi abinsa a bazarar da ta wuce. Gaisuwa da ladabi, irin wadda na saba yi maka da safe in na kawo ruwan alwala. Ina fata ƙasa ta yi maka sauƙi.

Bayan haka, na san takarda ba ta zuwa inda kake. Matan unguwa ne suka dame ni da tambaya, wai me ya zaunar da ni a Damagaram bayan na fita takaba, ga shi an share mini ɗaki a gidanmu na Dogo tun tuni. Bakina ba ya iya dogon bayani a gaban mutane, ka sani. Sai na ga in na faɗa maka, su ma sa ji.

Ka tuna ranar da ka shigo da akwatin nan a ka, kana haki. Nasaran da ke kula da rediyon filin jirgi, inda kake musu aikin ƙarfe, shi ya ba ka, don yana haɗa kayansa, an ce mulki zai dawo hannun 'yan ƙasa. Kayan haɗa ɗan ƙaramin jirgin sama ne a ciki. Ka baje su a tabarma kana nuna mini ɗaya ɗaya. Ɗan moter, wato inji, da bai kai dunƙulen hannu ba. Akwatin rediyo mai doguwar sanda da maɓalli guda, wanda mutum zai riƙe a ƙasa. Ƙaraminsa mai fitila ɗaya, wanda ake sawa a cikin jirgin don ya ji umarni. Da roba da ake murɗawa ta riƙa karkata wutsiya. Da katako mara nauyi, da gwangwanin ruwan shafe fiffike. Na tambaye ka ko wasan yara za ka koma da furfura a gemu. Ka yi dariya ka ce, "Su za su tafi, amma sanin ba zai hau jirgi ya bi su ba."

Ka gina shi, ya faɗi. Ka sake ginawa, ya sake faɗi. Ina zaune ina kaɗi ina kallonka ta ƙofar zaure, ban ce komai ba, don ba a tambaye ni ba. Amma Malam, yau zan faɗa: kai ɗan maƙera ne. A gidanku in abu ya karye, ƙarfi ake ƙara masa. Duk inda jirgin ya tsage sai ka naɗe da waya, duk inda ya lotse sai ka lulluɓe da gwangwani. Kullum yana ƙara ƙwari, kullum yana ƙara son ƙasa.

A maƙera, in kaza ta yi fiffika ta hau danga, sai su ce ga jirgin Malam ya tashi. Wannan kam raha ce, kai ma kana tayawa. Wadda ba raha ba ita ce wadda aka riƙa yi ƙasa ƙasa, cewa iska ta taɓa ka. Ranar sadakar uku, ina lulluɓe a ƙuryar ɗaki, na ji wata tana gaya wa ta kusa da ita cewa Allah Ya rufa maka asiri da Ya ɗauke ka kafin abin ya yi nisa. Ban ɗaga kai na ga ko wace ce ba, kuma har yau ba na son sani. Sai dai maganar ta zauna mini a ƙirji. Na zauna da kai tun ina yarinya, ban taɓa ganin hankalinka ya gusa ko na ƙiftawar ido ba. Ba zan bar garin nan da wannan magana a kan sunanka ba.

Da aka zo rabon gado na roƙi a sa akwatin da jirgin cikin rabona, a maimakon tunkiyar nan mai ciki. Malamin da ke rabon ya maimaita mini tambaya, ko na fahimci abin da nake cewa. Na ce na fahimta. Ba na so in taɓa ko ƙusa ɗaya da hakkin wani a kanta. Gida ya faɗa wa ƙaninka Ɗan Azumi, tunda Allah bai bar mana ɗa ba. Ya kyauta mini, ya ce in zauna har kaka, lokacin da wana, Yaya Idi, zai gama girbi ya zo ya tafi da ni Dogo.

Takaba dogon zama ce, Malam. A cikinta na kwance jirginka. Ina warware wayoyinka ina neman gafararka, don kowane ƙulli na san ranar da ka yi shi. Abin da na cire ya cika ƙwarya.

Katakon Nasara mara nauyi ya ƙare tun kana da rai, dole na nemi madadinsa. Saratu maƙwabciyarmu, wadda ke aikin jinya a likita, wato asibiti, ita ta zame mini ƙafa tunda ba na fita. In ta taso daga aiki ko daga majami'arsu sai ta biya Kasuwar Dole ta kawo mini gwangwala. In ɗaga, in auna a tafin hannu, in ce ta mayar, wannan ta yi danshi, waccan ta karkace. Har ta ce mai gwangwalar ya tambaye ta ko gadon sarauniya ake haɗawa. A ƙarshe na sami busasshiya miƙaƙƙiya, na tsaga ta siriri ta zama ƙashin bayan fiffike. Haƙarƙarin kuwa da totuwar karan dawa na yi shi. Hanci, inda moter ke zama, nan ne kaɗai na yarda da ƙarfi, na sa ɗan guntun rimi.

Wajen manne kuwa, ƙaro ya yaudare ni. Ya kama da kyau, amma da damina ta sauka iska ta yi sanyi, na wayi gari fiffike ya saki jiki kamar tsohon faifai. Na koma kan danƙon fata irin na dukawa, shi ya riƙe.

Sai abin rufi. Ka tuna ɗankwalin silikin da ka kawo mini daga Kano, mai ruwan ƙwai? Mai takaba ba ta ado, yana nan a ƙasan adaka. Na daɗe ina riƙe da almakashi kafin na sa masa. Na ja shi a kan fiffike, na shafe da sauran ruwan nan mai wari na cikin gwangwanin Nasara, ya ɗaure tamau, in ka ƙwanƙwasa yana amsawa. Ranar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, gari ya cika da kiɗa da guɗa, ni ina zaure ina jan siliki. Na ce a raina, da kana nan da ka fita da babbar rigarka.

Moter ba ya shan kananzir zalla, sai an haɗa da man zurma da ruwan nan da likita ke shaƙa wa mutum ya yi barci. Zurma ni na daka na tace. Ruwan likita kuwa na ce wa Saratu ba zan karɓa ba sai da sanin babbansu. Ta ce ni dai da tsantseni, amma ta je ta tambaya, aka ba ta ɗan kaɗan a kwalba. Farfela ta sare ni a yatsa kafin na gane yadda ake kaɗa ta a janye hannu. Ranar da moter ya fara kuka a tsakar gida, kaji suka watse.

Maɓallin ma sai da na koya. In an danna sau ɗaya wutsiya ta karkata dama, in an danna biyu a jere ta karkata hagu. Na riƙa yi ina sauraron ƙarar robar har hannuna ya haddace.

Akwai abin da kake yawan faɗi: "A ɗora shi a kan yatsu biyu ƙarƙashin fiffike. In ya ɗan sunkuya kamar mai gaisuwa, ya yi." Na ɗora, ya sunkuya. Na yi hamdala.

Da na fita takaba, aka kuma girbe gonakin bayan duwatsu, na aika wa Ɗan Azumi da mutanen maƙera su zo su gani. Da safiyar ranar na ga bai kamata abu ya hau sama ba tare da addu'a ba. Dama na rubuta addu'ar hawa abin hawa, na ba baduku ya rufe, shi kuma don girmamawa ya ninka fata ya yi laya mai kauri. Na duba inda zan sa ta. Gaba duk maiƙo ne, tsakiya rediyo da pil, wato batir, sun cika. Cikin wutsiya ne kaɗai wuri mai tsabta, can na cusa ta na ɗinke. Ban sake ɗora shi a yatsu ba. Ko kaɗan bai zo mini ba cewa laya kaya ce.

Da aka taru a bayan duwatsu, Saratu ta saki jirgin. Ya ɗaga hanci sama, ya ƙara ɗagawa, ya tsaya cak kamar mai tunani, sannan ya zubo ta gefe. Fiffiken hagu ya karye. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Ɗan Azumi ya matso ya ce, "Matar yaya, kin yi ƙoƙari. A bar shi haka nan." Suka juya suna tafiya a hankali, kamar masu dawowa daga maƙabarta.

Ni ba karayar ce ta fara tayar mini da hankali ba. Wutsiya ta fashe, layar tana kwance a turɓaya, kusa da kashin jaki. Na ɗauke ta na goge da mayafina ina istigfari. A gida na ɗaure fiffiken da zare, na mayar da layar wurinta, na ɗora a yatsu: wutsiya ta rinjaya. Na cire, ya sunkuya. Na zauna na yi ta kallonsa. Sunan Allah bai dace da cikin abin da ke faɗuwa inda dabbobi ke bi ba, wannan ya kamata in sani tun kafin in san zancen nauyi. Layar tana wuyana yanzu. Addu'ar kuwa da baki zan riƙa yi.

Ina cikin gyara Yaya Idi ya iso da jakuna biyu. Ya ji labari tun a hanya. Ka san shi, ba ya son magana biyu. Ya ce in ɗaure kaya, mutane sun gani, ya isa. Na ɗaure kayan, ban yi musu ba, har aka ɗora wa jakuna. Sai na roƙe shi abu guda, mu biya ta bayan duwatsu, tunda kusan hanyarmu ce. Saratu tana wurin aiki, babu mai sakar mini jirgin sai shi. Ya ce shi da girmansa. Na miƙa masa jirgin. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya naɗe hannun riga.

Na gaya masa kada ya jefa kamar mai korar tsuntsu a gona, ya fuskanci iska, ya ɗan taka da sauri, ya miƙa shi gaba kamar mai miƙa ƙwarya. Na kaɗa farfela, moter ya kama. Na karanta addu'ata. Ya taka, ya miƙa.

Malam, ya tafi. Bai ɗaga hanci ba, bai zubo ba, ya bi iska yana hawa a hankali, rana tana ratsa silikin. Ya wuce tsayin gawo. Na danna sau ɗaya, sai ya kwanta dama ya zagayo. Na danna biyu, ya koma hagu. Ya wuce ta kanmu, jakuna suka ɗaga kunne. Da mai ya ƙare moter ya yi shiru, ya sauko a kwance kamar shirwa, ya ja ciki a cikin kututturen gero. Ɗan yagewa kaɗai ya yi.

Ba kowa a filin sai mu biyu. Yaya Idi ya je ya ɗauko shi da hannu biyu, ya juya shi, ya leƙa cikinsa. Ya tambaye ni ko zai sake. Na ce in Allah Ya so, in kuma pil bai mutu ba. Sai ya ce, "Habsatu, ashe mutumin nan lafiyarsa ƙalau." Na ce ƙalau, Yaya. Na ja mayafi na rufe fuska.

Shi ya juya jakunan da kansa. Ya sauke kayana a zaure, ko ruwa bai sha ba ya nufi maƙera. Ya gaya musu ranar Alhamis bayan la'asar, in an tashi daga kasuwa, kowa ya zo bayan duwatsu, kuma a zo da mata. Ɗan Azumi ya ce kada a sake kunyata ni a gaban jama'a. Yaya ya ce masa shi da idonsa ya gani, wanda ya taɓa kama shi da ƙarya ya zauna a gida.

To, ga inda muke. Ba zan ɓoye maka ba, ina jin tsoro. Pil ya fara sanyi, ruwan kwalba saura na tashi ɗaya ko biyu, iskar la'asar kuma ba ta da alkawari. Yana iya faɗuwa a gabansu kamar wancan karo. In ya faɗi zan tsince shi in gyara, in sake kiransu, ko da kuwa daga Dogo zan riƙa zuwa a ƙafa. Na ɗinke yagewar, na murɗa roba, na share moter. Abin da ke hannuna na yi shi.

Da ma ka ga juyawar nan, Malam. Sau ɗaya tak, da ma ka gani.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya sa aikin hannunka ya zame maka shaida ta alheri. Allah Ya yafe wa waɗanda suka faɗi abin da ba su sani ba, Ya wanke zuciyata daga riƙonsu. Ya zaunar da ƙasar nan tamu lafiya a hannun 'ya'yanta. Ya ba mu iska mai sauƙi ranar Alhamis. Ya haɗa fuskokinmu a inda ba a rabuwa. Amin.

Wassalam.

Ni ce matarka,
Habsatu
Birni, Damagaram