Birnin da Na Hana Abdulghani Zuwa

Kurayyat, Jidda
3 ga Rajab, 1419

Zuwa ga Yayana Na'ibi,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Dela da yara. Ya ciwon gwiwar? Mu nan sai godiya.

Yaya, taya ni murna, Allah ya kuɓutar da ɗanka Abdulghani. Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, wanda yake yi wa tuƙi a unguwar Abhur, zai kai matarsa jinya ta shekara biyu wani birnin Amurka wai shi Shikago, ya ce da direbansa zai tafi. Ni kuwa na san garin nan sarai! Yaran gidan da nake aiki kullum fina-finansa suke kallo a bidiyo, ina shara ina gani. Wallahi mutum ba ya gama shan shayi ba a yi harbi ba. Da idona na ga an bindige wani saurayi baƙi, dogo kamar Abdulghani, a cikin motarsa. Na ce in ya hau jirgin nan ban yafe masa ba. Ya yi ta rantsuwa fim wasa ne kawai, ƙarshe dai ya mayar da makullin mota. Halas, magana ta ƙare. Ya daina cin tuwona, amma zai huce.

Ƙanwarka,
Mastura

Kurayyat, Jidda
20 ga Safar, 1422

Yaya Na'ibi,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Wani mai umara zai kawo maka wannan hannu da hannu, don da gaggawa.

Yaya, na cuci ɗana. Kafilin ya yi fushi, ya ɗauki wani Bahaushen Sudan, ya bar iƙamar Abdulghani, takardarsa ta izinin zama, ta mutu. Tun lokacin dako yake yi a bakin tasha, yana ɓuya.

Watan jiya ina goge tebur, sai ga saurayin nan da aka bindige a wani fim ɗin daban, da ransa, yana ta dariya cikin kwat. Na yi salati, yaran suka kama ciki suna yi mini dariya, wai jinin ma fenti ne. Direban da ya tafi kuma ya dawo ya yi ƙiba, ya ce sanyi kawai ya dame shi, ko Juma'a ɗaya bai rasa ba. Kunya ta hana ni gaya wa Abdulghani.

Ranar Talata 'yan sanda suka kama Abdulghani saboda rashin takarda. Alhamis mai zuwa za a saka shi jirgin Kano. A nan na haife shi, bai taɓa ganin gida ba. Don Allah ka tare shi, ka ɗaga kwali da sunansa da Larabci, tunda bai san fuskarka ba. Yana jin Hausa, mayarwa ce ke ba shi wuya, kada yara su tsokane shi. Ba ya cin yaji.

Ni ko sallama ba zan iya zuwa mu yi ba, tawa takardar ta daɗe da mutuwa, ga ƙannensa uku a kaina. Tafiyar shekara biyu na hana shi, Yaya, ga shi zai yi wadda ba a dawowa.

Ka gaida Dela. Ku sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Mastura