Hannun da Baba Ya Miƙa wa Minista

Yaya Bukar,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga Mubi, da fatan kana lafiya. Yaya zaman Ikko? Yaya Falmata da yara?

Bayan haka, jikin Baba ya yi tsanani. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashi ma da ƙyar.

Ka tuna likitanmu, wanda ya zama Minista a Kaduna bayan ƙuri'ar raba-gardama? Ka san ba ya gaisawa da Baba sai ya riƙe wuyan hannunsa, ya yi shiru yana jin bugun jini. Tun tafiyarsa Baba ya ƙi kowane likita, wai nasa zai dawo.

Makon jiya Ministan ya zo rangadi. Na ɗauko Baba a keke, muka bi layin masu gaisuwa cikin rana. Da ya iso gabanmu, Baba ya naɗe hannun riga, ya miƙa masa wuyan hannu. Shi kuwa sai ya kama tafin ya girgiza, ya ce, "Sannu, tsoho, mun gode da goyon baya." Ya wuce, ɗan sanda ya ture mu gefe.

Ban ce mugu ba ne, Yaya, ya ceci rayuka a garin nan. Amma ko fuskar Baba bai duba ba.

Tun ranar Baba bai sake shan magani ba. In za ka zo, ka zo yanzu.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. Baba yana gaishe ka. Har yau bai yarda an sauke masa hannun rigar nan ba.

Ƙaninka,
Modu