Rigar Saukar Rukayya da Kika Bari a Kan Keke

Zuwa ga Asabe,

Assalamu alaiki. Na san babu mai kai miki wannan takarda, kuma na san ba za ki karanta ta ba. Amma akwai maganar da ta cika min ciki, na duba duk garin nan ban ga wanda zan faɗa wa ba sai ke.

Wata biyar ke nan da muka kai ki. Gida lafiya lau. Geron gonar bayan gida ya yi kyau, mun ɗaure mun zuba a rumbu. Jar akuyarki ta haifi biyu. Babban yaronmu yana can Ungogo yana fama da adaidaita sahunsa, yakan leƙo mu ƙarshen wata. Autarki Rukayya kuma ta yi saukar Alƙur'ani ranar Asabar da ta wuce. Dalilin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Kin tuna farin yadin da kika fara ɗinka mata na ranar saukar? Da zazzaɓin nan ya kwantar da ke, rigar tana kan keke, kin lulluɓe ta da tsohon zane. Haka ta zauna. Ni ban iya ɗaga zanen ba, ita ma Rukayya kewaye wurin take yi. Sai da malamansu suka sa rana, sannan ta ɗauko min ita, ta ajiye a gabana.

Kin gama gefen dama na ƙirjin rigar, na hagu kuwa ko allura ba ki sa masa ba. Irin ɗinkin nan ne naki, wanda kike ninke yadi siriri ki bi bakin ninkin da allura, ya tashi kamar layi, ki bar ɗan fili ki sake yin wani. Ke kika sa masa suna kunyoyi, wai kamar kunyoyin gona. Goma sha huɗu na ƙirga. Shekara nawa ina ganin kina wannan aiki, Asabe? Ban taɓa tsayawa na kalle shi ba. Abin da na taɓa cewa a kansa guda ɗaya ne, cewa yana cin yadi a banza. Kin yi dariya kika ci gaba da taka kekenki. Ashe dariyar ta wanda ya san abin da wani bai sani ba ce.

Ranar kasuwar Ɗanbatta na naɗe rigar na kai wa wani tsohon tela da ake yabon hannunsa, na roƙe shi ya ƙarasa mana. Ya shimfiɗa ta a kan teburinsa, ya ɗauko abin awo, ya auna tsakanin layi da layi tun daga wuya har ƙasa. Ya sake aunawa. Sai ya tambaye ni wane irin inji aka yi aikin da shi. Na ce keken ƙafa ne na gida, wanda kika zo da shi ɗakinki. Bai yarda ba. Ya ce su yanzu da allura biyu suke yi, da wani ƙarfe mai tsaga-tsaga da ke riƙe musu layin, kuma duk da haka sai ka ga ɗaya ya kauce. Naki babu wanda ya fi wani faɗi ko da ƙwayar riɗi. Ya nemi alamar alli a jikin yadin bai samu ba.

Daga nan ya fita da rigar bakin shago ya ɗaga ta saitin rana. Ya daɗe a tsaye. Ya yi salati, ya kira ni na zo na gani. A gefen hagun nan da nake cewa ba ki taɓa ba, akwai wasu layuka masu haske, sirara kamar gashi, a jere daga sama zuwa ƙasa. Ya ce zare kika zare daga cikin saƙar yadin, ɗaya ɗaya, ba tare da ya tsinke ba, domin gurbinsa ya zama hanyar da ninki zai bi. Goma sha huɗu cif. Ya ce mai wannan aiki da yatsa take gani. Ya miƙo min rigar da hannu biyu, ya ce shi ba zai sa mata allura ba, tunda mai ita ta riga ta shata hanya, a gidanta ya kamata a bi.

A motar dawowa ban san lokacin da muka iso ba. Maganarsa ta yatsa ce ta tsaya min. Shekara biyu kina gaya min idonki na dama yana gani kamar ta cikin hayaƙi. Na ce bari a cire gyaɗa mu je asibitin ido a Kano. Aka cire gyaɗa, na ce bari a gama sussuka. Da kika daina maganar, sai na ɗauka sauƙi ya samu. Me zai sa na yi zaton wani abu, ga ɗinki yana fita daga hannunki tsaf? Ban san hanya kika nemar wa kanki ba. Kina zaune a inuwar darbejiya da yadi a cinya, kina shafa shi, ni ina wucewa da fartanya ina cewa a raina kin samu hutu. Ki yafe min, Asabe. Ban kai ki ba, kuma ba wani abu ne ya hana ni ba.

Washegari da hantsi na zuba wa keken mai, na zauna a kujerarki. Kada ki yi dariya. Da na taka sai ya juya da baya, zare ya tsinke. Kwana uku ina koyon taku kawai a kan ƙyallayen da ke cikin kwandonki. Da na ga kamar na iya, na ɗauko rigar. Na shafa yadin ina neman gurbin zaren, ban ji komai ba. Hannun da ya shekara arba'in yana riƙe da ƙota me zai ji? Sai na riƙa ɗagawa a rana ina ninkewa, na ɗinka layi biyu. Na farkon ya yi ciki a tsakiya, na biyun ya tattare a ƙasa. Na zauna ina kallon nawa kusa da naki. Wallahi tsoronki ne ya kama ni, irin tsoron da mutum ke ji idan ya gane da wa ya zauna shekara talatin bai sani ba.

Rukayya ce ta karɓe ni. Ta ce tun tana ƙarama kike kama yatsanta kina ɗora shi a kan yadi, kina tambayarta ko ta ji, ita kuma ta ɗauka wasa ne. Ta rufe ido, ta bi yadin da ɗan yatsa, ta tsaya, ta ninke. Daidai kan layin. Kullum bayan ta dawo daga makaranta sai ta yi biyu, ta goge su da dutsen guga su kwanta gefe guda. Ranar da ƙarar keken ta fara tashi sosai a gidan, matar maƙwabcinmu ta shigo da gudu ba ko mayafi, ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka. Cikin kwana shida aka gama sha biyun da suka rage.

Na ce ta warware nawa guda biyun ta sake su, kada su ɓata aikinki. Ta ƙi. Na yi faɗa, ta ƙi. Ta ce rigar ta mutum uku ce, haka za ta sa ta.

Haka kuwa ta sa. Ranar saukar, da aka kira sunanta ta tashi ta karanta farkon Baƙara, muryarta ba ta yi rawa ba. Hijabi ya rufe rigar har gwiwa, duk taron nan ba wanda ya ga ƙirjinta. Ni kaɗai a cikin maza na san abin da ke ƙarƙashi: naki a dama, nata a hagu, da karkatattun nan biyu nawa a kusa da wuya. Aka yi ta ba ni hannu ana barka.

Me kuma kika yi a gidan nan da ban gani ba? Yanzu duk abin da na ɗauka sai na juya shi na duba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya ba ki idon da ya fi wanda na kasa nema miki. Sai mun zo.

Ni ne Malam ɗinki,
baban Rukayya.