Kawu ya ba ni bakansa saboda ƙaryar da na yi masa a wasan waya

Assalamu alaikum 'yan gurup. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, na ɗora wa kaina abin da ya fi ƙarfina.

Ni ɗan kabu-kabu ne a Dungas, ina da kawu a wani ƙauye wajen Yekuwa, wan mahaifiyata. Maharbi ne na gado, lokacin fari da yunwa na shekarun 1970 yana saurayi da bakansa ya riƙe gidansu, har yau tsofaffi na faɗi. Bara ya samu shanyewar hannun hagu, ya daina fita, sai zama bakin zaure yana kallon hanya. Tausayi ya sa na kai masa tsohuwar portabul ɗina, wato wayar hannu, na sa masa wasan da muke yi da abokaina, inda ake haɗuwa a shiga daji a yaƙi dodanni.

To wasan nan tun farko sai ka zaɓi ko kai wane ne, mayaƙi, maharbi, mai sihiri ko mai magani, kuma in ka zaɓa ba canji sai dai ka goge ka faro daga ƙasa. Kawu na ganin hoton mai baka ya ɗora yatsa ya ce wannan. Ni kuwa maharbi nake a ƙungiyarmu, mai magani muka rasa, don kowa ƙyamarsa yake, aikinsa bin mutane a baya yana warkar da su. Sai na karɓi wayar na danna mai magani, na ce masa ai wasan ne ke duba mutum ya zaɓa masa. Wallahi da dariya na faɗa, ban ɗauka zai riƙe ba.

Da yatsa ɗaya tsohon nan ya ƙware. In rezo, wato sabis ɗin waya, ya yi kyau shi ke fara kiranmu, yana faɗa wai ba mu iya sanɗa ba, muna shiga daji kamar masu zuwa kasuwa. Ya koma cin tuwo sosai, inna mahaifiyata har addu'a take min, ni kuma ina amsa amin ba kunya.

Ran Juma'ar da ta wuce na je gaishe shi, ya sa aka sauko da baka da kwarinsa daga rataye. Ya ce ya daɗe yana tunani, tunda har na'ura ta gane hannunsa ya mutu ta hana shi baka, ni kuma ta duba ta ba ni, to ba zai yi gardama ba. Ya miƙo min ya ce, “Riƙe, ɗan nan. An riga an nuna.”

Jama'a, a gidansu baka daga uba sai ɗa, ɗan mace ba ya ciki. Kawu na da ɗa, Habibu, yana aikin gini a Kano, tun muna yara yake shafa wa bakan nan mai. Labari ya kai masa, ya kira ni ya ce na zagaye na cinye masa gado, ya kira mahaifinsa suka yi sa-in-sa, yanzu ya ce ba zai zo gida da salla ba.

Jiya na koma da niyyar faɗin gaskiya. Na tarar da kawu da waya a cinya, ya ce in zauna in ga yadda ya ceci wani yaro daga bakin dodo, wai ashe Allah bai gama amfani da shi ba. Na zauna na kalla, na dawo gida ban faɗa ba.

In na faɗa, zai san ni na hana shi baka, alhali da yatsan nan ɗaya zai iya harbi sarai a wasan. In na yi shiru, Habibu ya rasa gadonsa da ubansa. In na mayar da bakan kawai, kawu zai tambayi dalili, kuma mutum ne da ba a mayar masa da kyauta.

Bakan na nan ɗakina bayan ƙofa, ko ɗana shi ban iya ba. Ya zan yi, kuma da wa zan fara, kawu ko Habibu?