Dokar Waya Ta Ci Mai Ita

Assalamu alaikum, Maman Musaddiq.

Ina fata kuna lafiya, ke da yara, Musaddiq da Rukayya. Yaya ƙafar Inna? Ni nan Malesiya lafiya lau, karatu na tafiya, sai dai ɗakin nan shirunsa ya yi yawa.

Kin tuna tsarin da na kafa wa yara na dogon hutu: da safe allo, da rana su bi Kawu Ummaru fadamar Ambursa, waya sai bayan magariba. Na gode da kika tsaya a kai. To amma magaribarku tsakar darena ce, ni kuwa sam ban yi wannan tunanin ba.

Jiya da na taso daga aji na kira, lokacin hantsi ne a wurinku. Musaddiq ya ɗauka, ya ce, "Baba, ba lokacin waya ba ne," ya kashe. Rukayya ko muryarta ban ji ba.

Wallahi na rasa abin yi. In janye dokar, su koma wuni suna kallon bidiyo? In bar ta, su manta muryata? Ki shawarci Inna. Allah ya yi musu albarka.

Don Allah ki tambayar mini Musaddiq, ko dokar tana da sassauci ga wanda ya kafa ta.

Naki,
Zulkifli