Ɗan Aiken da Ba Shi da Shaida

Duwala, ranar Laraba

Hadje Hindu,

Sallama da gaisuwa. Yaya Garwa, yaya Sadiƙa da yara? Ni lafiya lau. Gadin ƙofa ba wuya, tsayuwa ce kawai, gwiwata ma ta daina ƙorafi tunda ta ga ba mai saurare.

Ɗanki Hashim injiniya ya yi kwana uku yana zufa. Patron, wato shugabansu, ya ce ya haɗa zanen farashin shanun Meiganga a kwamfuta kafin Litinin, ko ya nemi wani aikin. Zanen ya fito fari fat. Ashe zanen nan aike yake yi ta burauza, manhajar shiga intanet, a kawo masa lambobi daga rumbun kamfani, rumbun kuwa yana koro ɗan aiken. Na ji Hashim a waya, wai bai saita saƙon ya tafi da shaidar wanda ya aiko shi ba.

Shekara biyar a jami'a! Ni da na tsaya aji uku, ban taɓa tura mutum garin Kuseri karɓo kaya ba sai da zobena a hannunsa.

Na leƙa in faɗa masa. Gaban abokan aikinsa ya kira ni maigadi da Faransanci, ya ce, "Gardiyen, koma ƙofa." Har yau ba wanda ya san ni ne ubansa a biron, wato ofishin nan. Kar ki damu, dariya na yi.

Ya ƙara layi biyu na shaidar a kwamfuta, zanen ya fito, aikinsa ya tsira.

Ki aiko min da man zafi. Ki kuma yi masa addu'a. Na'ura ma ba ta buɗe wa wanda ya ɓoye inda ya fito, ni kuwa kullum da safe ina buɗe masa.

Mijinki,
Dawuda