Baba a Gaba, Ni a Baya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kai da iyali. Ka san waya ba ta kamawa a kwarin nan, abin da baƙi ke yabawa ke nan, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Idon Baba ya tafi, Yaya. Amma har yau shi ke jan baƙi masu yawon buɗe ido idan sun zo, da sandarsa, ni ina bayansa da jakar ruwa. In hanya za ta karkata sai in ce, "Baba, nuna musu icen nan na dama," sai ya yi dama. Baƙi na ta ɗaukar hoto, wai tsohon ya san duwatsun nan kamar yunwar cikinsa. Su suna kallon rafi da tsaunuka, ni ƙafafun Baba kawai nake kallo. Wallahi na gaji.

Makarantar jinya ta ɗauke ni, ƙarshen wata za a fara. Ka ce in na samu za ka zo ka karɓe ni wajen kula da Baba. To, na samu.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na yi murna ƙwarai da labarin makaranta. Sai dai aiki ya yi mana yawa a ofis, ba a ba da hutu yanzu. Shawarata ita ce ki zaunar da Baba ki yi masa bayani cikin hikima, ya ajiye sandar nan ya huta. Na rubuta masa ta hannun maƙwabci, na sanar da shi batun karatunki, don ki samu sauƙi. Ki ƙara haƙuri.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Sannu da hikima. Maƙwabci ya karanta masa takardarka, har da wurin da ka ce ni ce idonsa.

Washegari na tashi ba shi ba sandarsa. Na bi hanyar dutse da gudu ina kira, har takalmina ya tsinke. Ashe yana bayan gidanmu, kan tudun da muke shanya. Ya kewaya garken awaki ya hau, ya zauna yana haki, fuskarsa na kallon bangon bayi.

Da ya ji motsina sai ya yi dariya. "Kin gani? Ni kaɗai na hawo ƙololuwar dutse. Dubi rafi can ƙasa. Je ki karatunki, Auta, ban tsufa ba."

Rabon da in ga farin ciki irin wannan a fuskarsa tun Inna na da rai. Na ce, "Na gani, Baba."

Yanzu shi da kansa ya sa an sauko mini da akwati, kuma ya amsa wa wasu baƙi zai kai su bakin gangaren nan mai santsi ranar Asabar. In na tafi, zai kai mutane ya kai kansa. In na zauna, zai gane ƙarya na yi masa.

Ka zo ka faɗa masa gaskiya. Ni bakina ya ƙi.

Auta

Auta,

Gaisuwa. Na nemi hutu, sun ce sai wata mai zuwa. Allah ya ba ki mafita.

Yayanki

Yaya,

Na gode. Motar da zan bi zuwa makaranta ta tashi ɗazu ba ni a ciki. Na gaya wa Baba an ɗage makarantar, ya ce su suka yi asara. Gobe Asabar, ina wanke jakar ruwa.

Ka gaida yara.

Auta